Kafin Ka Ɗora wa Mawus Laifi, Dubi Abin da Yake Tafiya a Kai

Matashi zai yi wata da watanni yana tara kuɗi, ya hana kansa wannan ya hana kansa wancan, har Allah Ya nufa ya mallaki kwamfutar da za ta iya ɗaukar wasanni masu nauyi. Ya ƙara ƙoƙari ya sayi linzamin kwamfuta, wato mawus, irin na 'yan wasa, mai maɓallai a gefe da fitila mai canza launi. Idan ya dawo gida sai ya ɗora wannan mawus a kan bangon tsohon littafin makaranta, ko a kan tsurar tebur mai ƙyalli, ko ma a kan katifa. Kwana biyu sai ƙorafi ya fara: an sayar masa da jabu, kibiya tana tsalle, yana nufin gabas tana yin arewa. Sau da yawa mawus ɗin lafiyarsa ƙalau. Abin da ke ƙarƙashinsa ne bai dace ba, kuma shi ne mafi arha a duk cikin kayan da ke kan teburin. Abin yana damuna, domin kuɗin da aka sha wahala aka tara bai kamata ya tafi a banza ba saboda ɗan abin da za a iya gyarawa da yamma guda.

Kifa mawus ɗinka ka duba ƙasansa. Akwai ɗan rami a tsakiya. A cikin ramin nan akwai ƙaramar fitila da kyamara wadda ba ta kai ƙwayar wake ba. Fitilar tana haska abin da ke ƙasa, kowane ɗan tudu da kwarin da idonka ba ya gani sai ya fito fili, kyamarar kuma tana ɗaukar hotonsa sau dubbai a cikin daƙiƙa ɗaya. Daga nan sai na'urar ta riƙa gwada hoton yanzu da wanda ya gabace shi. Idan ta ga ɗigon da yake tsakiya ya koma hagu, ta san hannunka ya tafi dama, sai ta aika wa kwamfuta labari. Aikin ke nan gaba ɗayansa. To, idan abin da ke ƙasa ya cika sulɓi da sheƙi, kamar gilashi mai haske ko tebur mai fenti mai ɗaukar ido, kyamarar ba ta samun alamar da za ta riƙe. Idan kuma yana lotsawa yana tasowa kamar katifa ko bargo, nisan da ke tsakaninsa da idon mawus yana canzawa, hoton ya yi dishi-dishi. A duk hali biyun na'urar takan koma cinta, cintar nan ce kake gani a allo a matsayin tsallen kibiya.

Mawus na farko da Douglas Engelbart da abokin aikinsa Bill English suka ƙera a Amurka akwatin katako ne mai 'yan tayoyi biyu a ƙasa, kuma a ranar 9 ga Disamba 1968 Engelbart ya nuna wa taron jama'a yadda ake aiki da mawus a birnin San Faransisko. A 1972 English ya fito da mai ƙwallo a cibiyar bincike ta kamfanin Xerox. Duk wanda ya shiga shagunan intanet na farkon shekarun 2000 ya san shi: sai an murɗe marfin ƙasa a ciro ƙwallon, a sa farce a kankare dattin da ya naɗe a jikin 'yan sandunan ciki. Wannan ƙwallo yana buƙatar abin da zai kama ya mirgina, shi ya sa shimfiɗar mawus ta zama dole a kowane ofis. Su ma masu aiki da haske na farko, irin na kamfanin Mouse Systems a farkon shekarun 1980, ba sa motsi sai a kan wani faranti na ƙarfe mai zanen layuka. Sai a 1999 da Microsoft ya fitar da IntelliMouse Explorer, mai kyamara a ciki, aka samu wanda yake tafiya a kan kusan kowane tebur. A 2009 Logitech ya kawo wata fasaha mai suna Darkfield wadda take aiki har a kan gilashi. Tun daga lokacin mai aikin ofis ya samu 'yanci, yana iya rubuta wasiƙarsa ba tare da shimfiɗa ba.

Ɗan wasa bai samu wannan 'yanci ba, saboda buƙatarsa daban ce. Mai buga takarda idan kibiya ta kauce da ɗan kaɗan sai ya gyara, babu abin da ya rasa. Mai buga wasan harbi irin Counter-Strike ko Valorant kuwa, kan abokin karawarsa a nesa bai fi 'yan ɗigo a allo ba, kuma abin da yake da shi na lokaci bai kai ƙiftawar ido biyu ba. Hannunsa yana koyon cewa motsi kaza yana kai kibiya wuri kaza. Wannan koyo ba ya zama sai idan ƙasan da mawus yake tafiya a kai iri ɗaya ne yau da gobe, tsakiya da gefe. Amma bari in raba gardama tun da wuri: wanda wasansa na waya ne, ko ƙwallon ƙafa da abin riƙewa a hannu biyu, wannan sayayya ba ta shafe shi ba, ya adana kuɗinsa.

Abu na farko da za ka duba shi ne girma, kuma a nan mafi yawan mutane suke yin asara. Ana rubuta wani adadi a kwalin kowane mawus da sunan DPI. Ma'anarsa ita ce yawan ƙirgen da mawus yake aika wa kwamfuta idan ka matsar da shi inci ɗaya, wato santimita 2.54. Masu talla suna alfahari da dubu goma sha shida ko fiye, amma da yawa daga ƙwararrun 'yan Counter-Strike a 400 ko 800 suke ajiye nasu, domin hannu ya fi iya saita abu idan motsi mai faɗi yana haifar da ɗan juyi kaɗan. Mu yi lissafi a fili. A wannan wasa, idan saitin saurin juyi yana kan 1, kowane ƙirge ɗaya yana juya ɗan wasa digiri 0.022. Mawus mai DPI 800 ke nan inci ɗaya yana ba ka digiri 17.6. Kafin ka yi cikakken zagaye na digiri 360 sai hannunka ya yi tafiyar inci 20 da ɗoriya, kusan santimita 52. Waiwayawa baya kawai, rabin zagaye, yana cin santimita 26. Yanzu ɗauko 'yar shimfiɗar nan da ake bayarwa gyara idan an sayi kwamfuta, wadda faɗinta ba ya wuce santimita 25, ka cire faɗin shi kansa mawus ɗin, santimita 6 ko 7. Abin da ya rage bai isa ka waiwaya ka ga mai bin ka a baya ba, ko da daga bakin gefe ka fara. Dalilin da ya sa za ka ga 'yan gasa da shimfiɗu masu faɗin santimita 45 da tsawon 40 ke nan.

Na taɓa tsayawa bayan wani yaro a wani shagon wasanni ina kallon hannunsa maimakon allon. Ana harbinsa ta baya, ya ja mawus dama, ya iso bakin shimfiɗa, ya ɗaga ya dawo da shi tsakiya, ya sake ja, ya sake ɗagawa. Kafin ja na uku an gama da shi. Ya bugi tebur yana cewa intanet ce. Da wasa ya ci gaba sai ya ƙara saurin juyi don ya daina ɗagawa, sai kuma saitinsa ya lalace, kibiya ta riƙa wuce abokin karawa tana dawowa. Yaron yana da ido yana da hanzari, fili ne kawai ba shi da shi. Kai ma kana iya auna naka a gida ba tare da ka sayi komai ba. Shiga wasan da ka fi bugawa, ka saita kibiya a kan wani ginshiƙi ko kusurwar bango, ka sa alama da alli a gefen mawus. Ja shi a hankali zuwa dama har ginshiƙin ya dawo tsakiya, ka sake sa alama, ka auna da rula. A ganina faɗin shimfiɗarka ya kamata ya kai aƙalla kashi uku cikin huɗu na abin da ka samu.

Masu wasannin da ake kallo daga sama, irin su Dota 2 da League of Legends, ba sa buƙatar wannan fili duka. Kibiyarsu a cikin allo take yawo, motsinsu gajere ne, matsakaiciya mai santimita 32 da 27 ta ishe su. Akwai kuma doguwar nan mai santimita 90 da 40 wadda kibod yake hawa a kai tare da mawus. Tana da daɗi, tana hana kibod zamewa, amma ka auna teburinka kafin ka je kasuwa, don shimfiɗar da bakinta yake reto ba ta zama daram. Idan kwamfutarka ta cinya ce, kada ka ɗora ta a kan shimfiɗa mai kauri da laushi. Yawancinsu ta ƙasa suke shaƙar iska, ƙafafunta za su nutse, hanyar iska ta matse, ga wasa yana ƙona injin, ga zafin bazara da kan haura digiri 40 a Sakkwato ko Maiduguri. Bar kwamfutar a kan katako, shimfiɗa a gefenta.

Bayan girma sai fuskar shimfiɗar. Duk wanda ya taɓa jan buhun masara a kan siminti ya san tayar da shi ya fi wuya, da zarar ya motsa sai jan ya yi sauƙi. Haka mawus yake da turjiya iri biyu, ta tashi da ta tafiya, kuma bambancin shimfiɗu duka a tsakanin waɗannan biyun yake. Ta yadi mai kaushin saƙa tana riƙe mawus, tana taimaka maka ka tsaya cak a inda ka nufa. Wannan ita ce masu Counter-Strike da Valorant suka fi so, domin wasansu na fizga ka tsaya ne. Aibinta shi ne idan kana son ɗan gyara kaɗan, kamar faɗin gashi, sai mawus ya ƙi tashi, da ka ƙara ƙarfi kuma sai ya wuce. Ta yadi mai santsin saƙa tana sakin mawus da wuri, ta dace da wasannin da ake bin abokin karawa da kibiya yana gudu yana tsalle, kamar Apex Legends da Overwatch, amma tsayawa a kanta sai hannu ya ƙware. Akwai abin da ba a cika faɗa ba: saƙa tana da tsaye da kwance, saboda haka wata shimfiɗar za ka ji jan hagu da dama ya fi sama da ƙasa sauƙi. Zana da'ira da mawus a kanta a hankali za ka ji. Idan bambancin ya yi yawa, ajiye ta. Wanda bai san inda hannunsa ya karkata ba ya fara da matsakaiciyar yadi, ba mai tsananin riƙo ba, ba mai tsananin sulɓi ba. Daga ita zai gane ko ƙari yake so ko ragi.

Akwai masu tauri, na roba ko na alminiyam, akwai kuma na gilashi. Kada ka ruɗe da abin da na faɗa ɗazu: gilashin shimfiɗa an goge fuskarsa ta yi hazo, idon mawus yana samun abin kamawa, ba irin gilashin teburin falo ba ne. Ba sabon abu ba ne ma. Kamfanin SteelSeries na ƙasar Denmak, wanda aka kafa a 2001, da shimfiɗar gilashi mai suna Icemat ya fara suna wajen 'yan Counter-Strike. Masu tauri suna da gudu sosai, ba sa shan gumi, tsumma mai ɗanshi ya isa ya share su. Amma suna da ƙara, suna cinye ƙafafun mawus, wato 'yan faifan da ke manne a ƙasansa, da sauri, kuma ba sa naɗuwa, sai ka nema musu wuri a jaka. Ta gilashi kuma ga tsada ga fargabar faɗuwa.

Inda nake so mu daɗe shi ne batun yanayi, domin mafi yawan masu gwada waɗannan kaya suna yaba su a ɗakuna masu na'urar sanyaya wuri, tagogi a rufe, wuta ba ta ɗaukewa. Namu ɗakunan ba haka suke ba. Da hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ka share tebur da safe kafin azahar ƙura ta sake kwantawa. A kan shimfiɗa mai tauri ko ta gilashi kowace ƙwayar rairayi sai ka ji ta, mawus yana ƙuruc-ƙuruc, tana kartar ƙafafunsa. Mai irin wannan a Kano ko Damagaram ko Agadas sai ya riƙa gogewa duk lokacin da zai zauna. Ta yadi ba ta nuna ƙurar nan take, haɗiye ta take yi a cikin saƙa. Sannan ga man shafawa. Lokacin sanyi kowa yana shafa basilin ko man kaɗanya don kada fata ta tsage, hannun nan kuma shi ne yake kwanciya a kan yadin sa'o'i. Mai ya shiga, ƙura ta bi shi ta manne, bayan 'yan makonni sai ka ga tsakiyar shimfiɗar ta yi wani duhu mai sheƙi. A nan mawus zai riƙa nauyi, da ya fita gefe inda yadin yake sabo sai ya zabura. Hannun da yake koyon nisa ya rikice ke nan, mai shi kuma bai san dalili ba. Gwajin mai sauƙi ne: ja farce a kan wurin, idan farin layi ya fito to datti ne ya cika ta.

Da damina kuma, musamman a Agusta, laima ce matsalar. Yadi yana shan danshin iska, mawus ya riƙa jan ƙafa. 'Yan'uwanmu da ke Legas ko zangon Kumasi ko Nima a Akara kusan duk shekara cikin wannan suke. Ƙara da zufa idan an ɗauke wuta fanka ta tsaya. Gilashi ba ya shan danshi, amma fatar hannu mai gumi tana manne masa, har wasu 'yan wasa sukan sa wata doguwar safa daga wuyan hannu zuwa gwiwar hannu, ko riga mai dogon hannu. Akwai masu tsaka-tsaki, yadi ne amma mai taurin zare, ba ya shan ruwa sosai, kuma ya fi jure laima. Ga mazauna bakin teku irin wannan ta cancanci ƙarin kuɗin. Ga mu na arewa kuwa, hukuncina shi ne babbar shimfiɗar yadi wadda za ka iya tsoma ta a ruwa ka wanke ba tare da fargaba ba. Idan ka tashi daga wasa ka rufe ta da tsohon ɗankwali ko wani ƙyalle mai tsabta, ka kuma goge hannunka kafin ka zauna. Waɗannan biyun kaɗai suna ƙara mata kwana sosai.

Juya shimfiɗar ka dubi bayanta. Robar ƙasa ita ce take kama tebur, kuma shimfiɗar da take bin hannunka idan ka fizga ba ta da amfani komai kyan fuskarta. Kauri yakan kama daga milimita 2 zuwa 6. Idan teburinka aikin kafinta ne, mai gaɓar katako ko kan ƙusa da ya ɗan taso, nemi mai milimita 4 zuwa sama, za ta shanye waɗannan tudun. A kan tebur mai laushin fuska siririya ta wadatar. Mai laushin ciki tana ba ka wata dabara: idan ka ɗan danna mawus ƙafafunsa suna nutsewa, sai ya zama kamar birki. Wasu suna so, masu nauyin hannu kuma takan gajiyar da su. Sai bakin shimfiɗar. Wadda aka yi wa ɗinki a kewaye ba ta saurin zarewa ko rabuwa da robarta, amma idan ɗinkin ya fi fuskar tudu zai riƙa gurzar hannunka har wurin ya yi ja. Shafa da bayan hannu ka ji. Wanda kuma ya san fatarsa ba ta shiri da roba, tana yi masa ƙaiƙayi ko ƙuraje, ya kula da wannan kafin ya saya.

Fitilun jikin shimfiɗa ba sa ƙara maka komai a wasa. Razer ya fito da Firefly a 2015, shimfiɗa mai haske a kewaye, daga nan kasuwa ta cika da irinta. Tana cin ramin USB guda, tana da ƙulli a sama inda wayar mawus take maƙalewa, kuma ba ta shiga ruwa, alhali mun ga wanki shi ne ran shimfiɗa a ƙasarmu. Powerplay ta Logitech, wadda ta fito a 2017, tana yin aiki na gaske, tana cajin mawus yana tafiya a kanta, sai dai da wasu mawus na kamfanin kaɗai take aiki. Hoton zaki ko na tambarin ƙungiyar ƙwallo ba laifi ba ne, mawus na zamani ba ya cika damuwa da launi. Amma idan fentin ya yi kauri har kana jin sa da yatsa, wurin da yake da zane da wurin da babu ba za su yi tafiya ɗaya ba.

Idan ka shiga kasuwa, ko titin Beirut ne a Kano ko Computer Village a Ikeja, tafi da mawus ɗinka a aljihu. Roƙi mai shago cikin mutunci ya buɗe maka ɗaya ka shimfiɗa a kan kantarsa. Duba ko ta kwanta ko gefenta yana ɗagawa. Ɗora tafin hannu ka tura ta gefe, ka ga ko robar ta kama. Ɗaga ta wajen haske ka karkata, ka nemi kumburi ko wurin da yadin ya saki roba. Sunsuna: sabuwar roba tana da ɗan wari wanda yake gushewa, amma mai warin da yake hawa kai ka bar ta, don a gabanka za ta zauna kullum. Sannan ka ja mawus a tsakiya da kusurwoyi huɗu ka ji ko tafiyar ɗaya ce. Akwai sunayen da suka daɗe a hannun 'yan gasa, kamar QcK ta SteelSeries, G640 ta Logitech, G-SR ta Zowie, da na kamfanin Artisan na Japan. Sanannen suna shi ne ya fi jawo masu kwaikwayo, a shago da intanet duka, saboda haka idan ka ga farashin ya faɗi ƙasa warwas ka yi tunani. Wadda ba ta da suna amma ta ci gwajin da na lissafa ta fi mai tambarin da aka manna. Wajen ɗauko ta gida kada ka ninke ta kamar zani, layin ninkin ba ya fita. Naɗe ta yadin yana waje, idan ka isa ka shimfiɗa ka danne kusurwoyi da littattafai ta kwana.

Akwai wata shimfiɗa da ake yawan sayar wa iyaye da sunan kare lafiyar yaro, 'yar ƙarama mai tudun matashi a gaba inda wuyan hannu yake hawa. Ba don wasa aka yi ta ba. Tana kafe wuyan hannu wuri guda, duk juyin ya koma kansa, kuma nauyin hannu ya taru a daidai inda jijiyar da take zuwa yatsu ta ratsa. Babbar shimfiɗa tana barin hannu ya kwanta daga kusa da gwiwar hannu, motsi ya rarrabu har kafaɗa. Daidaita kujera yadda kafaɗarka ba za ta ɗage ba, kuma kada kaifin bakin tebur ya riƙa datsar wuyan hannunka. Duk da haka babu shimfiɗar da take maganin zaman sa'o'i shida ba tashi. Miƙe ka warware yatsu tsakanin wasa da wasa, lokacin salla ka tashi gaba ɗaya. Idan babban yatsa da manuni da na tsakiya suka fara yi maka sanyi ko tsikari, musamman da dare, ka rage wasa ka je ka ga likita, kada ka tsaya neman sabon kaya. Wanda kuma ba shi da tebur, a kan tabarma ko gado yake wasa, ya nemi falankin katako mai laushin fuska ya ɗora shimfiɗar a kai.

Wankin ta yadi ba shi da wuya. Zuba ruwa mai ɗan ɗumi a baho, ba mai zafi ba, don zafi yana sakin gam ɗin da ya haɗa yadi da roba. Ɗiga sabulun wanke kwanuka na ruwa kaɗan, ka bar ta ta jiƙa na 'yan mintoci. Cuɗa da tafin hannu ko soso mai laushi, ka fi ba da ƙarfi a tsakiya inda ya yi duhu. Kada ka sa burushin wanki, yana tayar da gashin zare, kada ka sa bilic, omo ma idan ya yi yawa yana da wuyar fita. Ɗauraye har sai ka matsa da yatsa ba ka ga kumfa ba, domin sabulun da ya bushe a ciki yana sa ta danƙo. Kada ka murɗe ta. Shimfiɗa ta a kan tawul ka danna ruwan ya fita, sannan ka bar ta a inuwa inda iska take kaɗawa. Rana tana busar da roba ta tsattsage, kuma tana sa gefen ya lanƙwashe. Da hunturu takan bushe da wuri, da damina ka ba ta kwana ɗaya ko biyu, kuma kada ka ɗora mawus sai ka tabbata cikinta ya bushe, ba fuskar kaɗai ba. Masu shagunan wasanni, inda hannu da yawa suke bi ta kan shimfiɗa ɗaya, ya kamata su ajiye biyu ga kowace kwamfuta, ana wanke ɗaya ana aiki da ɗaya.

Yadi yana tsufa. Idan ka wanke ta amma tsakiyar ta ci gaba da nauyi, to zaren ne ya kwanta. Juya ta, gefen da ke nesa ya dawo kusa da kai, ko ka matsar da ita yadda hannunka zai sauka a sabon wuri, za ka ƙara samun 'yan watanni. Idan robar ta fara marmashewa ko ta daina kama tebur, ta gama aiki. Amma kafin ka yanke mata hukunci sake duba ƙasan mawus. 'Yan fararen ko baƙaƙen faifan da suke manne a can, waɗanda aka yi da Teflon, su ne suke taɓa shimfiɗar, kuma suna cinyewa. Idan sun yi sirara har jikin mawus yana goga, ko gefensu ya yi kaifi, ana sayar da sababbi daidai da samfurin mawus ɗinka. Ɓare tsofaffin, ka goge ragowar gam, ka manna. Wasu sababbin mawus ma suna zuwa da siririyar leda a kan waɗannan ƙafafu, sai an cire ta kafin a fara wasa.